Yardar da Ba Mu Gani Ba a Cikin Shaihu Umar

Wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗanbatta ya san yaron riƙo da aka kai gidan tsohon manomi. Makonnin farko ba ya haɗa ido da kowa, in tsohon ya ɗaga hannu zai gyara hula sai ya kare fuskarsa. Kafin ya saki jiki sai damina ta yi nisa: wataƙila ranar da aka yanka masa 'yar gayauna, ko ranar da ya karya ƙotar fartanya ya zo ya faɗa da bakinsa. Wannan doguwar tafiya daga tsoro zuwa yarda ita na nema a cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ban same ta ba.

Littafin, wanda ya samo asali daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, labarin yaro ne da aka sace, ya bi hannu-hannu har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi tamkar ɗa. Yaron da ya sha wannan ai kamata ya yi ya riƙa ɗari-ɗari da kowane baƙo. Amma marubucin bai tsaya kan fargabar ba. Za a ce mai ba da labarin dattijon malami ne a Rauta, wanda ya daɗe da sallama wa ƙaddara. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Sai dai tana da tsada: tunda ba mu ga yadda Abdulkarim ya sami amincin yaron ba, zafin bautar sai ya huce a idonmu, alhali riƙon da kansa daga cinikin bayi ya tsiro.

Michelle Magorian ta bi wata hanya a Goodnight Mister Tom (1981). William, yaron da aka kwaso daga Landan a 1939, ya sauka gidan tsoho Tom Oakley jikinsa duk tabon duka, a jakarsa akwai bel ɗin da uwarsa ta sako domin a ci gaba da horonsa. Yana fitsarin kwance. Tsohon yana wanke shimfiɗar, bai taɓa goranta masa ba. Irin wannan safiya guda ɗaya tak da Ɓalewa ya ba mu tsakanin Umar da Abdulkarim, da mun san da wane ido yaron ya fara duban maigidansa.