Addu'ar mai jirgin ruwa ba abin dariya ba ce

Littafin da muka duba a wannan fitowa shi ne An Inland Voyage, na farko da Robert Louis Stevenson, ɗan ƙasar Sikotland, ya wallafa a 1878. Labarin tafiya ne da ya yi a 1876 tare da abokinsa Walter Simpson, kowa da nasa kwalekwale. Sun tashi daga Antwerp ta Beljiyam, suka bi koguna da hanyoyin ruwa da aka haƙa domin dakon kaya, har Pontoise kusa da Faris.

Maganar gaskiya, mutumin yana da ido. Ya nuna mana manyan jiragen kaya da dawaki ke ja daga bakin ruwa, ga mai jirgi da matarsa da 'ya'yansa duk a ciki suke zaune, da tsuntsu a keji da hayaƙin girki. Haka kuma bai ɓoye wahalarsa ba. A garin La Fère sun iso da dare, ruwa ya yi musu dukan tsiya, mai masauki ta dube su sama da ƙasa ta kore su. A wani ƙauye ma 'yan koli aka ɗauke su. To mu da muke zaune nesa da gida, wa zai ba mu labarin yadda ake auna baƙo da rigarsa? Wannan babin kaɗai ya isa a nemi littafin.

Amma akwai inda muka raba hanya da shi. A cocin garin Creil ya ga an rataye wani ɗan ƙaramin jirgin kaya na kwaikwayo, da rubutun roƙon Allah ya kai jirgin masauki lafiya. Abin ya ba shi dariya. A ganinsa, mai shiga teku shi ya cancanci irin wannan addu'a, ba wanda doki ke ja a ruwa kwance ba.

Haba Malam Stevenson! Ai kwanaki kaɗan kafin nan, a kogin Oise, wata bishiya da ta faɗi a ruwa ta kifar da kwalekwalensa, ya rataye a reshe yana riƙe da filafili, da kyar ya sha. Wanda ya ga haka bai kamata ya raina tsoron wani ba. Shi yawon shan iska ya fito, yana gajiya sai ya koma gida. Mai jirgin kuwa, jirgin nan shi ne ɗakinsa, shi ne jarinsa, a kansa yaransa ke rarrafe. In ya nutse, komai ya tafi.

Ba mu ce marubucin ba ya girmama ibada ba. Babban cocin Noyon ya taɓa masa zuciya ƙwarai, ya kuma faɗa. Sai dai ya tashi a gidan Furotesta, shi ya sa al'adun Katolika na talakawa yake musu kallon ɗan yawon buɗe ido.

Addininmu daban da na mai jirgin Creil, amma mun gane shi sarai. Direban tirelar da ke ɗauko shanu daga Arewa ba ya tayar da mota sai ya yi bisimilla, ko da ya bi hanyar sau ɗari. A karanta littafin, akwai daɗi. In an zo Creil dai, a tsaya a gefen mai jirgi.