Magana Jari Ce Na Uku: Littafin Da Muke Tsallakewa

Duk wanda ya yi firamare a garin nan na Bauchi ya san Magana Jari Ce. Amma in ka tambaye shi ina ya tsaya, sai ka ji ya ce na ɗaya, ko ya ɗan leƙa na biyu. Na ukun fa? Shiru. Mun sake ɗauko shi mun karanta, kuma muna ganin an daɗe ana zaluntar littafin nan.

Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya rubuta littattafan uku ne a Zariya tare da kulawar Dokta Rupert East, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Kafin nan ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja, a gasar 1933, wadda namu Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga da Shaihu Umar. Ya tsamo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu riga da rawani har ba ka gane baƙi ne.

Mu fara da aibinsa, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A na ɗaya akwai fargaba: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, ran Musa na rataye a bakin aku, kowane dare labari ne ke hana shi fita. A na biyu akwai gasa, akunmu na karawa da Haziƙ. A na uku kuwa ba mai farautar ran kowa kamar da. Aku ya zama Waziri, ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih. Saboda haka zaren da ke ɗaure labaran ya yi sako-sako, wa'azi ya yi yawa, wani wurin sai ka ji kamar malamin makaranta ne ya karɓe alƙalamin. Yaro mai neman takobi da aljanu, irin na littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, zai iya ajiye shi ya yi gaba.

To amma ai nan ne ma'anar sunan littafin ta fito. Littafi na ɗaya da na biyu sun nuna mana magana tana ceton rai, tana jawo muƙami. Na uku shi ya yi tambayar da ta fi wuya: jarin nan, yaya ake gadar da shi? Ba ya shiga aljihu, ba a raba shi gaban alƙali. Sai uba ya zaunar da ɗa, ya koya masa lokacin magana da lokacin yin shiru, da yadda ake zama da manya. Hausar ma a nan ta fi nuna, karin magana na faɗowa inda ya dace ba tare da an jawo shi da ƙarfi ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Iyayenmu sun zo unguwar nan daga Kano da Katsina da Zazzau, abin da suka fi riƙowa shi ne bakinsu. Yau 'ya'yanmu na jin Hausa, amma da yawa ba sa iya karanta shafi guda ba su yi tuntuɓe ba, ga waya ta cinye hirar dare.

Shawararmu ga iyaye: a nemi na ukun wajen masu sayar da littattafai, kamfanin NNPC na Zariya ne ke buga shi. Kada a miƙa wa yaro a juya baya. A zauna bayan isha'i a karanta tare, labari ɗaya a dare, a tambaye shi me ya gane. Haka aku ya yi da Fasih. Allah ya jiƙan Imam.