Jinjina ga Masu Duba Lafiyar Katangun Teku

Gishirin teku ba ya gaggawa. Yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki alhali fuskar katanga tana nan sumul. Injiniyoyin da ke gano wannan ɓarna tun kafin ta fito fili su nake yi wa jinjina.

Aikinsu na haƙuri ne. Sai ruwa ya janye su sauka da guduma suna ƙwanƙwasa bango, suna kasa kunne: inda ya yi ƙarar holoƙo, kankare ya rabu da rodi. Su huda su ciro samfuri a auna zurfin da gishiri ya kai. Masu ninƙaya su nutse su duba ko igiyar ruwa ta kwashe yashin gindi, domin katanga takan faɗi ta ƙasa. Wurin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne inda ruwa ke jiƙawa yana bushewa kullum.

A Legas, shingayen duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da ke gangarowa daga yamma, teku ta cinye gaɓar Bar Beach har ta riƙa malala kan titin Ahmadu Bello. Injiniyoyi ne suka fahimci dalili.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncinsu idan kuɗi ya gaza: wace tsaga za ta jira baɗi, wacce kuwa ba za ta kai ƙarshen damina ba.