Dabarun lallashi a bakin aku: nazari a kan littafi na farko na Magana Jari Ce

1. Gabatarwa

Idan aka ba ɗalibi matani aka ce ya fito da salon marubuci, yawanci jere yake yi: kamantawa a nan, siffantawa a can, mutuntarwa a shafi na gaba. Wannan hanya tana da tushe biyu. Na ɗaya shi ne al'adar makarantun Faransa, wadda ta gaji jerin adon magana daga Dumarsais (1730) da Fontanier, wanda Genette ya sake buga aikinsa a 1968. Na biyu shi ne kalmomin feɗe waƙa waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara a Kano. Duka biyu suna da amfani. Sai dai jere ba ya amsa tambayar da ilimin balaga ya faro da ita tun zamanin Aristo, wadda Perelman da Olbrechts-Tyteca suka dawo da ita a 1958: wa ke magana, wa yake son ya juya, kuma da me? Wannan tambaya muke so mu gwada a kan aku na Magana Jari Ce.

2. Matsayin mai magana

Abubakar Imam (1911-1981) ya rubuta littafin a Zariya a ƙarƙashin kulawar Rupert East, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939 domin makarantu. A kashi na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Musa yana son ya bi rundunar, Waziri kuwa yana son ya fita domin a halaka shi. Aikin aku shi ne ya tsare shi har Sarki ya dawo.

Mu lura da rashin daidaiton da ke tsakaninsu. Musa ɗan sarki ne, aku tsuntsu ne da aka saya. Ba shi da ikon ba da umurni, kuma in ya yi gardama fuska da fuska zai sha kaye a dare ɗaya. Daga wannan rauni ne duk dabarunsa suka fito.

3. Dabaru uku

Ta farko ita ce yarda ta baki. Aku yana karɓar Musa da girmamawa, yana nuna masa cewa nufinsu ɗaya. Wanda ba a musa masa ba, ba shi da abin da zai yi wa taurin kai, saboda haka sai ya tsaya ya saurara.

Ta biyu muna iya kiranta ƙugiya. Cikin magana, aku yakan ambaci wani suna ko wani karin magana kamar kowa ya san labarinsa. A nazarin harshe wannan tsammanin sani ne: jimla irin "kada ka yi irin ta wane" tana ɗauke da zaton cewa mai sauraro ya san abin da wane ya yi. In bai sani ba, sai ya tambaya. Da zarar Musa ya tambaya, shi ne ya nemi labarin, kuma shi ne ya jinkirta kansa. Alhakin rashin fita ya tashi daga kan aku.

Ta uku ita ce cinye lokaci. Labarin yana ja har gari ya waye, damar fita ta wuce. Wannan ita ce babbar dabarar littafin, amma ba ta cikin jerin Fontanier, domin ba a samunta cikin kalma ko jimla guda. Tana cikin tsawon zance ne baki ɗaya.

A inda labari ya shafi gaggawa ko cin amana, aku yana ƙarawa da habaici. Ba ya kama suna, wanda ya tsargu da shi ake, kuma mai magana yana da hanyar janyewa in an tuhume shi. Wannan makamin na ƙasa ne a gaban na sama.

4. Masu sauraro biyu

Tsarin aku mai tsare mutum da labari ya girmi Imam. Yana cikin Shukasaptati na Indiya da Tutinama na Farisa, inda aku ke hana matar aure fita wurin masoyinta. Imam ya mai da matar ɗan sarki, ya mai da masoyi fagen yaƙi, har tsarin ya dace da aji. Amma wannan ya bar aku da masu sauraro biyu: Musa, wanda ake son a tsare, da ɗan makaranta, wanda ake son a koyar. A ganinmu nan ne rauni yake. Wasu labaran darasinsu na ɗan makaranta ne, dangantakarsu da halin da Musa yake ciki kuwa sako-sako ce. Ga Musa, kowane labari zai yi aiki in dai yana da tsawo.

Akwai kuma abin da bai kamata malami ya tsallake ba. Waziri ma da magana yake aiki, kuma aku ma yana ɓoye nufinsa. Abin da ya raba su shi ne manufa. Littafin ya saka wa aku da sarautar Waziri, a kashi na uku kuma ya sa shi koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Ke nan Imam ya ɗauki lallashi a matsayin ilimin da ake koyarwa, ya bar wa mai karatu tambayar yaushe ne ɓoye nufi yake halatta.

5. Kammalawa

Ba mu ce a daina koyar da sunayen adon magana ba. Shawararmu ita ce a sauya jerin aikin: kafin ɗalibi ya ba dabara suna, ya faɗi matsayin mai magana, da abin da yake nema, da abin da ya hana shi faɗinsa kai tsaye. Ana iya gwada wannan hanya a kan kirari da zambo, da jawaban ƴan siyasa, inda jerin suna kaɗai ba ya nuna wa ɗalibi yadda ake juya shi.