Likitan da Ke Karanta Lambar Jini

A cikin kansar da ke kama mata akwai wata da ba kasafai ake ganinta ba, likitoci na kiranta koriyokasinoma. Daga mabiyiya take tsirowa, wato daga cikin da mace ta ɗauka. A Turai da Amurka kusan ciki 1 cikin 40,000 ne ke kaiwa gare ta. Sau da yawa tana biyo bayan wani irin ciki da babu jariri a cikinsa, sai ƙwayoyin ruwa cunkus kamar 'ya'yan inabi, amma takan biyo ɓari, har ma da haihuwar da aka yi lafiya lau.

Gudu gare ta. Jini take bi, kuma huhu take fara nufa. Mace za ta zo tana tari da jini, kowa ya tafi kan tarin fuka. Gwani sai ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, yaushe rabonki da ciki?" Wannan tambaya ita kaɗai ta ceci mata da yawa. Ba ya garajen yanko tsokar don a duba, domin ya san jini take zubarwa ba na wasa ba. Sai ya aika a auna sinadarin hCG, wanda shi ne tsinken gwajin ciki na kemis ke kamawa a fitsari. Ita wannan kansa kullum cikin fitar da shi take, ko da ta rage 'yar mitsitsiyar da na'urar hoto ba ta gani.

To, a nan gwanintar take, kuma ina ganin ba a yaba mata yadda ya kamata. Bayan an yi wa mace wankin irin wancan ciki, sai a riƙa ɗibar jininta ana rubuta lambar a jere. Dubu tamanin, dubu tara, dubu ɗaya da ɗari biyu: alhamdu lillahi, ana sauka. Idan kuwa ya ga 400, 390, 410, 405 cikin mako uku, ko lambar ta yi ta hawa mako biyu a jere, ya san akwai abin da ya saura a ciki, ko da matar tana cin abinci tana raha. Daga nan sai ya haɗa shekarunta, da tsawon lokaci tun cikin, da girman ƙarin, da inda ya yaɗu, ya fitar da maki. Daga 0 zuwa 6 magani ɗaya ya wadatar, metotireksat ko aktinomaisin. Daga 7 zuwa sama sai haɗin magunguna biyar da ƙungiyar Kenneth Bagshawe ta tsara a asibitin Charing Cross na Landan. Masu ƙaramin maki kusan dukansu suna warkewa, masu babba kuma kusan 9 cikin 10.

Wanda ya buɗe wannan hanya Min Chiu Li ne, haifaffen ƙasar Sin, da ke aiki tare da Roy Hertz a Cibiyar Kansa ta Ƙasa a Amurka. A 1956 suka bayyana cewa metotireksat ya narkar da kansar a jikin matan da aka fid da rai da su, kuma ita ce kansa mai tsiro ta farko da aka warkar da magani kaɗai bayan ta yaɗu. Ƙari ya ɓace a hoto, amma Li ya ƙi daina ba da maganin saboda lambar ba ta gama sauka ba. Manyansa suka ga yana wahalar da marasa lafiya ba dalili, suka sallame shi a 1957. Matan da aka tsayar wa magani da wuri ciwon ya dawo musu, nasa kuwa shiru. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker. Har gobe, ko lambar ta koma daidai, sai an ƙara mako shida ana ba da magani.

Saura zama da maigida, wanda shi ma sai mai iya magana. Dole a yi masa bayani a tsanake cewa uwargida za ta yi shekara guda ba ta ɗauki ciki ba, domin sabon ciki shi ma hCG yake fitarwa, sai a kasa bambance jariri da dawowar ciwo. A mafi yawan lokuta ba a cire mahaifa, kuma akasarin matan da suka nemi haihuwa bayan shekarar suna samu.