Shekarar 1986 a Tarihin Gine-ginen Zamani: Matsayin Masallacin Yama

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin gine-ginen zamani sukan tuna da shekarar 1986 saboda abubuwa sanannu. A cikinta aka kammala ginin kamfanin Lloyd's a Landan, wanda Richard Rogers ya tsara, ya fito da bututu da matakalai a bayan bango kowa yana gani. A cikinta ne kuma Bajamushen nan Gottfried Böhm ya sami lambar Pritzker. Manufar wannan maƙala ita ce ta jawo hankali ga wata lambar girma ta wannan shekara, wadda ta faɗo a ƙasar Hausa, ta kuma auna abin da take nufi ga mai nazarin al'ada.

2.0 Masallacin da Magininsa

Lambar Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake bayarwa duk bayan shekara uku, ta zaɓi ayyuka shida a 1986, aka yi bikin a Marakish ta Maroko. Cikinsu akwai gyaran Masallacin Ƙudus, da adana tsohon garin Mostar, da kuma masallacin Juma'a na ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar. Magininsa shi ne Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda ya koyi sana'arsa a bakin aiki.

An aza harsashin masallacin a 1962, da ƙasa, mutanen gari suna kawo gudummawar ƙarfi da kaya. A 1975 aka sake rufinsa, aka ɗora shi a kan bakuna, aka yi tulluwa. Zuwa 1982 an gama hasumiyoyi huɗu na kusurwoyinsa, kowacce da irin tata siffar.

3.0 Sharhi

An saba raba gine-gine gida biyu, watau na gargajiya da na zamani, ana auna su da kayan aiki: ƙasa da azara gargajiya, siminti da kwano zamani. Masallacin Yama ya nuna raunin wannan rabo. Barmu ya gaji dabarar baka, wadda Babban Gwani Mika'ilu ya ƙure a masallacin Zariya a ƙarni na 19, amma ya yi shekara ashirin yana sauya aikinsa, yana gwada abin da bai tarar ba. Rashin daidaiton hasumiyoyin nan zaɓi ne na mai fasaha. Wanda ya tsara, ya gwada, ya gyara, ya cancanci a yi nazarinsa da sunansa kamar yadda ake yi wa Rogers.

Matsala ta biyu ita ce iyaka. Matafiyin da ya tashi daga Katsina, ya ƙetare a Jibiya, ya bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, zai ga tubali da zanko da soro iri ɗaya a kowane ɓangare, domin zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa Maraɗi bayan jihadi. Sai dai layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba ilimin boko: nan Ingilishi, can Faransanci. Saboda haka ɗalibi yakan san hasumiyar Gobarau, ya jahilci Yama, alhali kuwa uwa ɗaya ta haife su.

Har ila yau, akwai abin da lambar girma ba ta iya yi. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe bayan damina. In maginan suka ƙare, ginin zai zube, kalmomi irin su makuba da bakan gizo su bi shi.

4.0 Kammalawa

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su ɗauki magini kamar yadda suka ɗauki makaɗi da marubuci, a tattara tarihinsa da kalmomin sana'arsa daga Katsina har Adar. Shingen Jibiya na ma'aikatan kwastan ne, bai kamata ya tsayar da mai nazari ba.