Jini a Yatsun Likita: Thomas Eakins da Zanen Zahiri a Amurka

A shekarar 1876, lokacin da birnin Filadelfiya ke bikin cikar Amurka shekara ɗari da samun 'yancin kai, alƙalan baje kolin zane-zane suka ƙi karɓar wani babban zane. Daga baya aka rataye shi a ɗakin da aka shirya don nuna yadda asibitin soja yake. Babban abin da ya ɗaga wa masu kallo hankali shi ne jinin da ke hannun likitan da aka zana.

Sunan zanen The Gross Clinic, kuma Thomas Eakins ne ya gama shi a 1875. Dakta Samuel Gross na tsaye, aska a hannu, yana yi wa ɗalibai bayani, mataimakansa kuwa sun duƙufa kan cinyar majinyaci da aka tsaga. A gefe wata mace, wadda ake kyautata zaton uwarsa ce, ta kare fuska da hannu. Haske bai sauka sosai ba sai a goshin likitan, da yatsunsa, da wurin yankan.

Nan ne nake ganin ake yi wa zanen zahiri gurguwar fahimta. Mutane na ɗauka mai wannan salo kwafe abin da ido ya gani kawai yake yi. Ai kyamara ta riga ta iya wannan, kuma Eakins kansa gwanin ɗaukar hoto ne, har ya yi aiki tare da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge a 1884 kan yadda jiki ke motsi. Aikin mai zanen shi ne ya zaɓi inda idonka zai tsaya. Eakins ya ɗora haske a kan ilimi da jini lokaci ɗaya, don ka san ba a samun ɗaya sai da ɗayan.

An haife shi a Filadelfiya a 1844, a can kuma ya rasu a 1916. Ya koyi ƙirar jikin ɗan Adam a kwalejin likitanci ta Jefferson, sannan ya tafi Faransa a 1866 ya zauna a gaban mai zane Jean-Léon Gérôme. Amma ayyukan masu zane Velázquez da Ribera da ya gani a Sifaniya su suka fi shiga ransa. Da ya dawo gida sai ya kama zana abin da ke gabansa: masu tseren kwale-kwale a kogin Schuylkill, 'yan dambe, malamai, danginsa.

A 1889 ya zana wani likitan, Dakta Agnew, shi ma yana tiyata. In ka jera zanukan biyu, tarihin asibiti ne a gabanka. Mutanen Gross sanye suke da baƙaƙen kwat irin na fita gari, na Agnew kuwa fararen riguna, ga ma'aikaciyar jinya tsaye. Shekara 14 kacal tsakani, amma ilimin tsafta ya riga ya shigo ɗakin fiɗa.

Taurin kai irin na Eakins ya ja masa. A 1886 makarantar zane ta Pennsylvania ta tilasta masa ajiye aikinsa na koyarwa, bayan ya cire banten wani namiji da ake zanawa a ajin da akwai ɗalibai mata. Ko a yau ana iya jayayya kan wannan, ni ma ba zan wanke shi tas ba. Waɗanda ya zana fuskokinsu ma da yawa ba su gode ba, domin yakan fito da gajiya da tsufa a fuskar mutum. Wasu suka ƙi karɓar zanen nasu.

The Gross Clinic kuwa, dala 200 aka saye shi wa kwalejin Jefferson a 1878. A 2006, da aka yi shirin sayar da shi a fitar da shi daga birnin, mutanen Filadelfiya da gidajen adana zanensu biyu suka tashi haiƙan, suka biya dala miliyan 68 ya zauna.